Karan da Kawu Ya Bari a Tsaye

Ranar da muka binne Kawu Babba, duk wanda ya durƙusa ya yi gaisuwa, ba ya tashi sai ya tsoma maganar kara.

Tun da hantsi gindin ɗorawar ƙofar gida ya cika. Motar Malumfashi ta sauke mutane, ta koma ta kwaso wasu. 'Yan auduga sun zo daga Funtua a bayan a-kori-kura. Har Fulanin da ke shayar da shanu a ƙasan dam sun zo, sun jingine sandunansu a jikin katanga. Danginmu iri biyu ne a tsatso ɗaya. Kawu Babba, wan mahaifiyata, dattijon ikilisiya ne. Ƙanensa kuwa, autan ɗakinsu, ya musulunta tun yana saurayi, ya je Makka ya dawo, shi ne Kawu Alhaji, ɗan kasuwar auduga. Saboda haka tabarmi suka rabu hagu da dama, masu cewa "Ubangiji ya ta'azantar da ku" a nan, masu cewa "Allah ya ba da haƙuri" a can, Kawu Alhaji a tsakiya yana amsa wa kowa, domin yanzu shi ne babba.

Wani manomi daga lambunan yamma ya yi gaisuwa, ya nisa, ya ce, "To, yanzu wa zai riƙa dawo mana da kara?"

Wata tsohuwa mai albasa ta dogaro sandarta har gaban maza, ta ce, "Ni fa har yanzu kunnena na bakin hanya. Ƙararrawar keken nan nasa nake jira in ji."

Sai direban motar Malumfashi, wanda ba ɗan gari ba ne, ya ce, "Af! Na biyo ta bakin dam da safe, na hangi kara ɗaya tal a tsaye. Wane ne bai karɓi nasa ba?"

Kowa ya san mai karan. Kawu Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi, a can ƙarshen fadama kuwa tumatirinsa yana mutuwa da ƙishi.

Baƙo ba zai gane wannan magana ba, kuma jikokinmu da za su tashi su tarar ana bin tsarin, ba za su san wanda ya dasa shi ba. Shi ya sa na zauna rubutu. Zan bi abin daki-daki, don ni ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Kafin a yi dam, noman rani a wurinmu na jigo ne. Ka ja guga, ka juye, ruwa ya shiga komi kana kallo. Aiki da sakamakonsa wuri guda suke, ba wanda ke jiran wani. Wajen lokacin da naira ta shigo, baki bai ma saba da sunanta ba, aka datse rafin arewa da gari. Aka sa ƙofar ƙarfe mai abin murɗawa, magudana ta fito daga nan ta rabu rassa uku, yamma da tsakiya da gabas, ta ratsa fadama. Ranar da aka fara sakin ruwa, garin nan kamar ana biki. Tsofaffi suna bin ruwa da sanda, suna cewa yau sun ga rafi yana bin umarnin mutum. Amma murna ba ta daɗe ba, domin ruwan magudana ba na jigo ba ne. Mai lambu kusa da ƙofa yana samunsa kafin ya gama gaisawa da mutane. Na nesa kuwa sai ya wuni.

Mutum na farko da ƙungiyar manoma ta ɗora a ƙofar, mai ladabi ne ƙwarai. Duk wanda ya ce masa "Buɗe mini," sai ya rusuna ya ce, "An gama." Haka aka koya mana amsa wa manya, ba laifinsa ba ne. Manomi ya ruga lambu, ya tarar da magudana a bushe, ya tsaya har ya gaji, ya yi zuciya ya tafi. Ruwa ya zo bayansa, ba mai tarbarsa, ya fasa gefe ya shiga gonar wani.

Na biyu ya ce shi ba zai faɗi abin da bai gani ba. In ka ba shi umarni, sai ya buɗe, ya sa ka gaba, ku bi ruwan a ƙafa har bakin lambunka, sa'an nan ya dawo ya saurari na bayanka. Gaskiya kam ya riƙe ta. Amma mutane na tsaye a ƙofa tun safe da fartanya a kafaɗa, ba su yi noma ba, ba su je kasuwa ba, rassa biyu kuma suna zaune a bushe.

Da aka yi taro, Kawu Babba ya miƙe. Dogo ne siriri, kullum da hular saƙa da wandon kaki mai faci a gwiwa. Ya ce, "Na farko ya amsa tun aiki bai soma ba. Na biyu ya toshe kunne sai aiki ya ƙare. Dukansu sun ɗaure karɓa da amsawa da igiya ɗaya. Ku kwance su. Karɓa yanzu ce, amsa sai ruwa ya yarda."

Aka ce, "To, kai ka yi mu gani."

Ga yadda ya tsara. Kowane gida ya yanko karan dawa tsawon kamu, ya yi masa shaida: wani tsaga, wani ƙuna, wani ƙyallen zanen matarsa. In kana son ruwa, ka kawo karanka ka faɗi buƙatarka. Kawu ya karɓa, ya kafa shi a taɓon da ke gefen ƙofa, ya ce, "Na karɓa." Daga nan ba ka da sauran aiki a wurin. Je ka sassabe, je ka kasuwa, je ka yi aski. Shi kuwa ya buɗe reshenka, ya juya ya saurari na gaba, ya buɗe masa wani reshen. Sai ka ga ruwa uku suna tafiya lokaci guda, ba wanda ke tsaye a kan wani. Bayan haka ya hau baƙin kekensa ya riƙa zagaya rassan. Ruwan da ya ga ya taɓa bakin lambun mai shi, sai ya komo ƙofa, ya zare karan, ya nemi mutumin duk inda yake, yana kaɗa ƙararrawa. In ka ji ta ta nufo ka, ka ajiye ko cokali ne a hannunka. Ya miƙa maka karanka ya ce, "Ya iso." Ka saɓi fartanya ka ruga.

Kai, a ga gudu a garin nan! Na ga wanzami ya bar kai rabi a aske. Na ga mai shari'ar kan iyakar gona ya bar abokin gabarsa a gaban mai unguwa, ya ce ya riƙe maganar zai dawo. Yara suka mai da abin wasa, suna kafa tsinke a ƙasa suna cewa "na karɓa."

Amsoshinsa ba su da yawa, kuma ba ya gauraya su. In ka ƙosa ka dawo kana tambaya, sai ya nuna maka karanka a tsaye ya ce, "Yana tafe." Ba ya ƙara ko kalma. In gefen magudana ya fashe, ko ruwa ya yi ƙasa, ba ya ɓoyewa. Zai ƙulla wa karanka ciyawa, ya kawo maka har gida, ya ce, "Bai yiwu ba," ya faɗa maka dalili, don ka nemi wata dabara tun rana na sama. Yakan ce, "Masu cewa shiru ma amsa ce, ba su taɓa jiran ruwa ba." In kuwa kai ne ka fasa, to kai za ka zo ka zare karanka da hannunka. Ba aike, ba saƙon baki.

Abin da ya fi ba mutane haushi da farko shi ne, kara ba ya dawowa bisa layin da aka kafa shi. Wani ya zo masa a fusace ya ce, "Malam, na riga wane kawo nawa, yaya aka yi nasa ya riga nawa dawowa?"

Kawu ya ce, "Ka riga shi faɗa, ya riga ka kusa. Ni ne mai layi, ruwa ba shi da layi. Ko in riƙe masa nasa a aljihu har naka ya iso, albasarsa ta yi iyo?"

Mutumin ya yi dariya ya tafi.

Tsauri gare shi, wannan ba a musu. Amma tsohuwa mai albasa ba ta iya gudu, ba ta kuma da ɗa a gari. Bai taɓa kai mata kara kafin lokaci ba don ta sami sararin tafiya, ya ce wannan ƙarya ce mai kama da tausayi. Abin da yake yi, in ruwanta ya iso, sai ya je ya ɗora ta a bayan keke. Tana riƙe da rigarsa, tana ihu, "Wayyo, zai kashe ni kan albasa!" Shi kuwa yana taka feda yana cewa, "Riƙe karanki, Goggo, kada ya faɗi, ba ni da wani."

Yanzu na zo kan faɗan, kuma zan faɗe shi yadda ya auku, domin ina wurin. Lambuna yana dab da ƙofar ruwa.

Lambun Kawu Alhaji shi ne na ƙarshe a reshen gabas, can bayan burtali. Magudana tana bi ta cikin wani bututu a ƙarƙashin burtalin kafin ta isa gare shi. Wata safiya, ranar kasuwar Funtua, ya zo da babbar riga yana sauri.

"Yaya, buɗe mini gabas. Mota na jirana."

"Ina karanka, Auta?"

Duk garin nan Alhaji ake ce masa. Kawu Babba kaɗai ke kiransa Auta, kuma a gaban kowa.

"Kara? Ni da muka sha nono ɗaya? Fuskata ba ta isa kara ba?"

"Fuskarka za ta Funtua. In ruwa ya iso, wa zan ba amsa? Ƙeyarka?"

Masu jira suka fashe da dariya. Kawu Alhaji ya ce, "Na bar bakin lambun a buɗe, zai shiga da kansa."

"Ruwa ba baƙon kunya ba ne, Auta. In bai tarar da mai gida ba, gidan maƙwabci yake faɗawa. Ka dawo daga kasuwa ka kawo kara."

Kawu Alhaji ya yi kamar ya haƙura. Da Kawu Babba ya hau keke kai wa wani amsa, mu ma muka koma bakin aikinmu, sai Kawu Alhaji ya dawo ya murɗa ƙofar gabas har ƙarshe, ya shiga mota ya tafi. Ruwa ya taho da ƙarfin da bututu ba zai iya haɗiyewa ba. Ya taru a bakin burtali, ya fasa gefe, ya kwashe irin albasar tsohuwa kaf, wanda ta yi wata tana reno. Kawu Babba ya dawo ya ga ƙofa a buɗe ba kara a gabanta, ya rufe da sauri, amma ina! Ya ce, "Ruwan da ya fita ƙofa ba ya jin kira."

Da yamma ya tare ƙanensa a bakin hanya, ya kai shi gaban tsohuwa, jama'a na kallo, ya ce masa sai ya nemo iri ya dasa mata da hannunsa, ba da hannun 'yan ƙwadago ba. Kawu Alhaji ya tuɓe babbar riga ya dasa, komi bayan komi. Da ya gama ya wanke hannu ya ce, "Yaya, ni da karanka har abada." Ya sayo injin ban ruwa, ya kafa a wani ƙaramin rafi da ke bayan lambunsa. Magudana daga burtali zuwa wurinsa ta zama kufai, yashi ya cike ta, ciyawa ta rufe.

Shekaru suka shuɗe a haka. Ba su daina gaisawa ba. Naman layya yana zuwa gidan Kawu Babba, shinkafar Kirsimeti tana zuwa gidan Kawu Alhaji, amma ta hannun mata. Su biyun ba su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba.

A shekarar da Kawu Babba ya rasu, damina ta ɗauke da wuri. Dam ya ja baya amma bai ƙafe ba. Ƙaramin rafin nan kuwa ya bushe ƙarƙaf tun rani bai yi nisa ba, tumatirin Kawu Alhaji yana cikin fure. Wata safiya ina zaune da Kawu Babba a bakin ƙofa, sai ga shi tafe a ƙasa, ya bar mota a gida.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau, Auta. Injin ya tashi lafiya?"

"Injin ya sha taɓo ya ƙoshi."

Ya tsaya yana kallon ruwa, kamar shi ya zo gaisarwa. Can ya sa hannu cikin riga, ya fito da kara, sabon yanka, an naɗa masa koren zare. Kawu Babba ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya duba gindi, ya duba kai, kamar mai sayen sa a kasuwa.

Ya ce, "Wannan kara ya daɗe a hanya."

"Yaya, yaushe zan samu?"

"Na karɓa."

"Na ji ka karɓa. Yaushe ne?"

"Magudanarka ta cike, sai an yashe ta. In kara ya dawo ka gani. Je ka ga audugarka."

Ya kafa shi a taɓo, ya danna da kyau. Kawu Alhaji na ɓacewa a kwana, sai tsohon nan ya kama ƙararrawar keke ya shiga kaɗawa, yana dariya har hularsa ta faɗi. Mutane suka fito daga lambuna da fartanyu a guje, kowa na zaton nasa ne. Ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya kaɗa ƙararrawa ba ruwa, kuma sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri. Amma ko yana ba da haƙurin, bakinsa ya ƙi rufuwa. "Auta ya kawo kara! Kun ji? Auta ya kawo kara!"

Daga ranar, in ya gama mayar da karan jama'a, sai ya ɗauki shebur ya nufi bayan burtali. Kawu Alhaji ya turo 'yan ƙwadago, ni ma ina zuwa, amma tsohon ya ƙi tsayawa a gefe. Mun yashe fiye da rabi sai tari ya kama shi, ƙirji ya riƙe. Safiyar da za a kai shi asibitin Malumfashi, ya sa na zaro duk karan da ke tsaye, na ƙulla musu ciyawa, na kai wa masu su, don kada wani ya zauna jiran abin da ba ya zuwa. Na dawo na ce masa saura mai koren zare, shi ma in ƙulla?

Ya ɗaga yatsa ya ce, "Bar wannan. Ba a ce bai yiwu ba. Yana tafe."

Bai dawo daga asibiti da ƙafarsa ba.

To, mun dawo gindin ɗorawa, inda direba ya yi tambayarsa. Kawu Alhaji ya yafuto ni, ya rage murya.

"Je ka zare karan nan. Mai shi ya yafe. Tumatir bai fi Yaya ba."

Na ce, "Kawu, ka san doka. Mai kara ne ke zare karansa da hannunsa."

Ya dube ni, ya dubi hanyar dam, bai motsa ba. Ya san in ya zare, lambun ya tafi, a wannan shekara ba abin da zai ɗiba. Amma ba wannan ne ya danne shi a tabarma ba. In ya zare, magana ta ƙarshe tsakaninsa da wansa ta tsaya a kan "na karɓa," ba amsa har abada.

Muna haka sai ga Iya, matar Kawu Babba, ta fito daga zaure tana turo keke. Sarƙa na sheƙi da sabon mai. Maza suka gyara zama.

Ta ce, "Alhaji, na ji ana raɗa. Kai za ka zare?"

"Iya, ai makoki ake yi."

"Makokin wa? Mutumin da kuka rufe ɗazu, ya taɓa zama da amsar wani a hannunsa? Abu na ƙarshe da ya ce mini, in sa wa keken nan mai. Na sa. Ku kuwa kun baje kuna shan kununa, kuna yabonsa, karansa na tsaye rana na dukansa!"

Fasto ya dubi liman. Liman ya gyara rawani ya ce, "Alkawari kaya ne. Wanda ya kwanta ba ya iya sauke nasa, sai na tsaye sun taya shi."

Fasto ya ce, "Malam ya riga ni wa'azin Lahadi." Ya miƙe ya soma naɗe ƙafar wando.

Ban taɓa ganin makoki ya watse irin haka ba. Kafin ka ce kwabo, gari ya juye. Wannan ya ruga gida ɗauko fartanya, wancan shebur, mata suka fito da kwanuka da tasoshin da aka kawo abincin makoki a ciki. 'Yan auduga suka rataye manyan riguna a reshen ɗorawa. Direba ya ce duk wanda ba ya iya tafiya ya shiga mota. Kawu Alhaji ma ya miƙe yana neman takalmi, na tsai da shi.

"Kawu, ka ba da kara. Wanda ya ba da kara ba ya tsayawa a kan ruwa, komawa yake ga aikinsa. Aikinka yau karɓar gaisuwa."

Ya koma ya zauna shi kaɗai a tsakiyar tabarmi.

Na raba aikin yadda marigayi zai raba. Masu ƙarfi a bakin bututu, su zaƙulo yashi da dogayen gora. Sauran a jere daga burtali zuwa lambu, masu haƙa a gaba, masu kwashewa a baya, tsofaffi suna daddanna gefe da ƙafa. Matan zumuntar ikilisiya suka kama waƙa, matan gidan Kawu Alhaji suna amsa musu da tafi. Fulani suka shiga rami suna yi wa 'yan auduga ba'a, wai hannun da ya saba da taushin auduga yau ya gamu da gamonsa. Ni kuwa na hau keke na tafi ƙofa, na murɗa gabas, ba har ƙarshe ba, daidai abin da bututu zai haɗiye.

Ruwa ya fito yana tura ganye da kara a gabansa. Rabin jama'a suka taryo shi, suna binsa gefe da gefe kamar masu rakiyar amarya. Ya wuce lambun tsohuwa. Ya iso burtali, ya shige bututu. Muka tsallaka ɗaya gefen muka zuba ido.

Shiru. Bakin bututu a bushe.

Wani daga cikin 'yan auduga ya ce mini, "Malam, ai ya shiga. Hau keke ka yi wa Alhaji albishir, kafin ka isa ya fito."

Na ce, "Ya shiga ba ya iso ba ne."

"Haba! Saura ƙiris fa!"

"Ƙiris ɗin nan shi ya kori mutum na farko daga ƙofa."

Ruwa ya soma taruwa a baya, yana hawa gefe, daidai inda ya taɓa fasawa. Tsohuwa ta dafe kai tana kiran albasarta. Wani Bafulatani ya kwanta rub-da-ciki a taɓo, ya zura gora iya tsawon hannunsa, ya soka, ya sake sokawa. Muka ji bututu ya yi gurnani. Sai ga tulin yashi da tsumma da ƙashin shanu ya yi tsalle ya fito, ruwa na biye da shi, ja wur, ya wanke fasto har ƙirji. Ihu ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa, a ranar makoki! Muka bi shi a guje har ya taɓa bakin lambun Kawu Alhaji, ya tsaya yana juyawa a gaban ƙasar da aka toshe da ita.

Aka ce in miƙe gida kai tsaye, ya fi kusa. Na ƙi. Na koma ƙofa tukuna, na zare kara mai koren zare, sa'an nan na juya kan keke zuwa gari. Tun daga bakin makarantar firamare na kama ƙararrawa ban sake ta ba.

Iya ta faɗa mini daga baya, tana leƙe ta zaure, cewa da sautin ya iso, Kawu Alhaji ya zabura ya miƙe, carbi ya faɗi, bakinsa ya ce "Yaya" kafin ya tuna. Na same shi a tsaye. Na sauka, na miƙa masa karan, na faɗi abin da aka saba faɗa.

"Ya iso."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya share ido da hannun riga, ya ce, "Wa ke da fartanya?" Ba sauran fartanya a gidan sai ta marigayi. Iya ta miƙo masa. Na ga Alhaji mai furfura ya tattare babbar riga a ƙugu, ya kwasa da gudu ba takalmi, ya bar tabarmi ba kowa.

Komayen da ke can gefe sun riga sun ƙone, ba su tashi ba. Sauran sun farfaɗo. Kwandon farko da ya ɗiba, gidan Iya ya kawo shi da kansa, ba ta hannun mata ba, ya zauna a zaure ya ci tuwon da ta tuƙa.

Ƙungiya ta ɗora ni a ƙofar. Ban ƙara kome a tsarin ba, ban rage ba. Ubangiji ya ba Kawu Babba hutawa, ya ba mu da muka rage ikon amsa abin da muka karɓa.

Da lokacin ban ruwa na gaba ya zagayo, Kawu Alhaji ya zo da sassafe, ya shiga layi bayan tsohuwa mai albasa, ya miƙo mini kara. Na duba na ga sabo ne, ba zare.

Na ce, "Kawu, ina mai koren zaren?"

Ya ce, "Yana soke a rufin ɗakina. Wannan Yaya ya riga ya amsa shi. Ba a amsa kara sau biyu."

Na kafa sabon a taɓo, na danna da kyau, na ce, "Na karɓa."